Minti Taran Da Farcena Ya Ɓare

Wata mai karatu ta rubuto a ƙasan kashin da ya wuce, ta ce, "Baba, nan fa dandalin 'yan mata ne, me kake nema da furfurarka?" Gaskiyarki, 'yata. Dalilin shi ne abokaina ba a ba su irin wannan labarin. Dariya za su yi har shayi ya ƙware su. Ku kuwa ko kun yi, ba na ji.

Ga wanda yau ya shigo, bari in taƙaita masa. Shekarata arba'in da takwas. Sana'ata gyaran gidan faifai, wato wurin nan da ake zura faifai a kwamfuta ko a na'urar gem. Sana'a ce da ke mutuwa a hankali, ni kuma ina raka ta. Na taɓa aure, mun rabu lafiya shekara tara ke nan. Ta ce ina jin ciwon na'ura tun daga bakin ƙofa, amma ban taɓa jin nata ba ko muna kujera ɗaya. Ban yi musu ba. Ina da Yaya guda, wadda har gobe Auta take kirana a gaban masu kawo gyara. Wata biyu da suka wuce ta haɗa ni da ƙawarta, Malama, mai koyar da lissafi a sakandare. Mijinta ya rasu shekara ashirin da biyu baya, ya bar mata 'ya ɗaya tana koyon tafiya, ita kuma ba ta sake aure ba. Magana ta yi nisa har Yaya ta tsayar da Asabar ɗin nan, Kawu zai je ya gaisa da yayan Malama.

To, ga abin da na aikata ranar Litinin.

Wajen ƙarfe goma na safe ta shigo shagon, lokacin ba ta da aji. Doguwar riga ruwan toka, mayafi ruwan ƙasa, gilashinta ya zamo tsakiyar hanci kamar kullum, tawadar allo ta ɓata mata gefen hannun riga. Ta rungumo wani abu a nannaɗe cikin tawul kamar jariri.

"Injiniya, na kawo maka marar lafiya."

Ni ba injiniya ba ne, ita ma ta sani. Amma ban taɓa gyara mata ba.

"Sannu da zuwa, Malama. Kwantar da shi nan."

Na ture tarkacen kan tebur, ta buɗe tawul. Na'urar gem ce ta mijin 'yarta, irin wadda ba ta da tire, sai wani siririn baki da ke zuƙe faifai da kansa. Na jona ta, na danna maɓallin fitarwa, na kara kunne. Gurr, tak. Gurr, tak. Injin yana da rai, robobin da ke turo faifai suna juyawa, amma wani abu ya tokare.

"Ta haɗiye ta ƙi amayarwa," in ji Malama. "Tun ranar Asabar."

"Kun zura mata wuƙa?"

"Cokali."

"Alhamdu lillahi. Yawanci wuƙa ake zurawa."

Na bi ƙa'ida, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Na cire wuta, na jira, na mayar, na danne maɓallin na riƙe. Shiru. Sai na zare murfin gefe, na nemo wata 'yar kusa da masu ƙera na'urar suka ɓoye don irin wannan rana, na dinga juya ta da siririn sukundireba. A hankali faifan ya leƙo, kamar wanda aka tasa daga barci. Da na gan shi na san matsalar. Faifai ne irin na da, wanda ake zuba bidiyo a shago, an manna masa farar takarda a sama. Takardar ta tsufa, gefe ɗaya ya ɗaga, shi ne ya maƙale a ciki. A jikinta an rubuta da shuɗin biro: 'Yarmu, wata goma sha ɗaya.

"Rubutunsa ne," ta ce.

Ban tambayi na wa ba.

Ta zauna a kan kujerar roba, ta ajiye jaka a cinya, ta yi min bayani yadda take yi wa ɗalibai, ba ƙari ba ragi. Marigayi ne ya aro kyamara ya ɗauki bidiyon, wata uku kafin hatsarin da ya yi ajalinsa. Babu wani kwafi a duniya. Rabonta da kallonsa shekara goma sha biyar, tun da na'urar gidan ta mutu. 'Yar yanzu cikinta wata bakwai, kwanan nan ta bi ta dami kowa tana son ta ga mahaifinta yana motsi, ba hoton katin aiki ba. Ta tono faifan a ƙasan akwati, kwamfutarta ba ta da gidan faifai, sai ta zura shi a gem ɗin miji.

"Kwana biyu tana kuka. Wai ta kashe babanta karo na biyu."

"Ki ce mata ta share hawaye. Wannan na'urar ko da bai maƙale ba, ba ta san yaren irin wannan faifan ba. Zan sa shi a tsohuwar kwamfuta in kwafe muku a filash."

"Minti arba'in da ɗaya ne."

"Kin ƙirga?"

"Aikina ne."

Daga nan sai na yi abin da namiji ke yi idan ya ga macen da yake so tana sauraronsa: na buɗe aji. Na ɗaga faifan a haske, na nuna mata. Na ce mutane suna zaton bayanin a ƙasa yake, wajen da ke ƙyalli, shi ya sa suke ta goge shi da bakin riga. Alhali ƙasan roba ce kawai, ko ta karce ana iya goge ta. Irin wannan faifan, ransa yana sama, wani ɗan ɓawon azurfa ne da bai kai kaurin fatar albasa ba, daidai ƙarƙashin takardar.

"Don haka, Malama, duk wanda ya ɓare takardar nan ya ɓare bidiyon. Kada ki bari kowa ya taɓa ta. Kowa."

Har da ɗaga yatsa. Ku riƙe wannan yatsan a ranku.

Ta tafi aji. Na haɗa shayi, na zauna, faifan yana gabana a kan tsumma mai laushi, takarda a sama. Can wayata ta yi ƙara.

"Na isa. Hankalina ya kwanta tunda yana hannunka."

Na karanta. Na sake karantawa. Malama ba ta rubuta irin wannan ba. Saƙonninta yawanci "To" ne, ko "Allah Ya kai mu", ranar da ta ji daɗi ta ƙara aya. Na fara rubuta amsa da hannun dama, ina gogewa, ina sakewa. "Hannuna naki ne" ya yi yawa. "Ba komai" ya yi kaɗan. Ina ta murmushi ni kaɗai kamar sabon mahaukaci.

Hannun hagu kuwa ban ba shi aiki ba, sai ya nemar wa kansa. Kun san yadda mutum ke ɓare takardar jikin kwalba yana hira bai sani ba? Wata 'yar ƙara na ji, siririya, kamar an yage ganye. Na duba. Takardar ta naɗe a kan babban yatsana, bayanta yana walƙiya. A jikin faifan kuma ga taga, faɗin yatsa biyu, ina hango tsumman ta cikinta.

Shekara ashirin da biyar ina wannan aiki. Na yi wa mutane sun fi ɗari faɗa a kan takardar nan.

Ban yi ihu ba. Na ajiye wayar, na ɗaga faifan a hasken ƙofa. Faifai daga tsakiya yake fara rubutu, ya dinga zagayawa yana fita waje. Idan ka karkata shi za ka ga iyakar inda rubutun ya tsaya, launin ya ɗan bambanta. Can bakin gefe babu komai, fili ne. Da yagewar ta tsaya a nan, da ba ku ji wannan labarin ba. Ba ta tsaya ba. Ta shiga cikin rubutun, ta ciji ƙarshensa. Kuma tunda zagaye yake yi, daga inda ramin ya fara, kowane zagaye sai ya faɗa ciki.

Na tura mata amsa: "To."

Ranar Talata na kulle rabin ƙofar shago. Ina da kanta guda cike da tsofaffin gidajen faifai waɗanda na ciro daga kwamfutocin da aka zubar. Yaya tana kiranta maƙabarta. Abin da mutane ba su sani ba, ba duka suke gani iri ɗaya ba. Faifan da wannan ya ƙi, wancan sai ya karanta. Sababbi suna da gaggawa, su fizgi faifai da gudu, da sun yi tuntuɓe su ce babu komai a ciki. Tsofaffi ne masu haƙuri. Na sauko da bakwai. Na farko tirensa ya ƙi fitowa, na zura miƙaƙƙen ƙarfen maƙale takarda a ɗan ramin da ke gaba, ya buɗe, na tarar robar da ke jansa ta saki, na canza. Na biyu kwamfuta ta ƙi ganinsa sam, ashe wayar bayansa ce ta yi sako-sako. Na uku idonsa ya yi hazo, na share da auduga da ɗigon sifirit, na jira ya bushe. Kowanne sai na fara gwada shi da wani faifan banza mai lafiya, don in tabbatar ba shi ne marar lafiyar ba, kafin in ba shi na Malama. Na danne bakin yagewar da ɗan mitsitsin salatif don kada ta ƙara, na rage gudu zuwa mafi ƙaranci, na sa manhajar da ke kwafa tana komawa kan wurin da ya gagara.

Na biyar, wani tsoho mai ruwan madara da ya girmi wasu daga cikinku, shi ya fi kowa nisa. Minti talatin da biyu da 'yan daƙiƙu. Daga nan sai tsik, tsik, tsik, yana nema ba ya samu. Na shida da na bakwai ko kusa ba su kai ba.

Da rana saƙonta ya shigo: "Ya marar lafiya?"

"Ana kan aiki."

Ba ƙarya ba ce. Amma kun san akwai gaskiyar da in ka faɗe ta sai ka ji kana son wanke baki.

Laraba Yaya ta faɗo shagon ba sallama, da leda a hannu da ƙamshin turarenta da ke riga ta shiga ko'ina.

"Auta, tashi ka gwada. Na sa an ɗinka maka. Ba za ka raka Kawu da rigar nan mai tabon gam ba."

"Yaya, zauna."

"Ba zama na zo yi ba. Me ya samu fuskarka? Ka yi kama da wanda ya haɗiyi batir."

Na nuna mata faifan, na nuna mata takardar da na adana a cikin ambulan, na faɗa mata komai. Ta saurara har ƙarshe, abin da ban taɓa gani ba. Sai ta zauna.

"Kai da hannunka?"

"Ni da hannuna."

"Bidiyon mijin nata."

"Shi."

"Sauran kwana uku." Ta dafe goshi. "Tun kana yaro haka kake. Kai ka ɓare fentin ƙofar ɗakin Baba tas, aka daki ni." Sai ta sassauta murya, ko da yake babu kowa sai fanka. "Wa ya gani?"

"Babu."

"To ba a cikin gem ɗin ya maƙale ba? Ba cokali suka zura ba? Ka ce da ka duba da kyau ka ga na'urar ta riga ta ci gefen. Shi ke nan. Ka ba ta talatin da biyu, ta gode maka, ta ce ka yi ƙoƙari."

"Ta ga faifan lafiya lau da ya fito."

"Ta ga me? Gilashin nan nata ko ni ba ta ganewa sai na yi magana. Auta, saurare ni. Shekara tara ina yawo da sunanka gida-gida kamar mai tallan tsohuwar mota. Wannan ce kaɗai ta ji sana'arka ba ta yi dariya ba. In ka ce mata kai ka yage, me kake so ta ɗauka? Mai neman aurenta ya lalata abu ɗaya tak da ya rage na mijinta. Ko ni ce sai in ce kishi ne."

"Idan na ce na'ura ce, 'yar ce ta zura shi."

"Za ta yi kuka ta gama."

"Cikinta wata bakwai, Yaya."

Ta ja tsaki, ta miƙe, ta dangwarar min da ledar a kan tebur.

"Gaskiyarka ce ta sa kake cin abinci a tsaye kai kaɗai. Ka gwada rigar, in wuyan ya matse ka kira ni."

Ba zan ɓoye muku ba, shawarar ta zauna min. Ta yi daidai kamar murfi da tukunya. Har na fara jera kalmomin a raina, da irin fuskar da zan yi.

Sai na ce bari in duba abin da na kwafa, in tabbatar hoto da murya suna tafiya tare. Wannan aiki ne, ba leƙen asiri ba. Haka dai na faɗa wa kaina.

Ɗaki ne ƙarami, labule mai furanni, katifa a ƙasa, rediyo a kan kwali. Jaririya da riga ja tana dafa bango tana faɗuwa. Malama tana nan, siririya, ba gilashi, tana dariya da dukan bakinta, irin dariyar da ni ban taɓa gani ba. Tana ta kare fuska da hannu tana cewa, "Ka daina ɗaukata, ita za ka ɗauka." Wata murya daga bayan kyamara tana cewa, "Duka biyun nawa ne."

Minti goma. Minti ashirin. Sai na lura da abin da ya sa shayina ya huce a hannu. Ba a ganinsa. Shi ke riƙe da kyamarar. Muryarsa ce kawai, da tarinsa, da yatsansa da ya rufe kusurwa sau biyu, da inuwarsa a bango. A minti na talatin da biyu Malama ta miƙo hannu ta ce, "Kawo nan, kai ma a gan ka." Hoton ya girgiza, ya nuna silin, ya nuna ƙasa, ya juyo. Kafaɗa ta shigo, farar singileti, gefen wuya, kunnen hagu.

Nan ya tsaya.

Gidan faifai bakwai, kwana biyu, shekara ashirin da biyar na gwaninta. Na ceto kunne ɗaya.

Na daɗe ina kallon kunnen nan. Babba ne, samansa ya ɗan lanƙwaso gaba kamar an naɗe kusurwar shafi. Na duba hannuna na hagu, yana kan gwiwa, ko a jikinsa. A cikin minti arba'in da ɗaya, tara ne kawai ke da fuskar mutumin, kuma su farcena ya zaɓa. Na san ban san haka ba a lokacin. Na san ba yadda za a yi in sani. Amma na tuna yadda kishi ya ɗan taɓa ni lokacin da ta ce "rubutunsa ne", na kuma tuna cewa farcen a kan rubutun yake wasa.

Alhamis bayan an tashi makaranta ta zo. Riga shuɗiya mai duhu, jaka cike da takardun jarrabawa, da ƙaramar leda ta biskit da ta ajiye min a gefen tebur. Na jera abubuwa uku a gabanta: filash, faifan a cikin sabon gida, da ambulan.

"An sallami marar lafiya?"

"Malama, minti talatin da biyu na samu."

Ta tura gilashin sama. "Arba'in da ɗaya ne."

"Na sani."

Ta buɗe gidan faifan, ta ga tagar. Ta daɗe tana kallo. Sannan, wallahi, ita da kanta ta miƙo min ƙofar fita.

"Gem ɗin ne ya yi haka? Ko cokalin?"

Kalma ɗaya ce. Ko kalmar ma ba sai na faɗa ba, gyaɗa kai ya isa. Na ji muryar Yaya a kunnena har da turarenta.

"A'a. Lafiya lau ya fito, kin gani. Ni ne. Bayan kin tafi."

Na buɗe ambulan, na zazzage takardar a tafin hannunta. Ta naɗe, gaba rubutun biro, baya azurfa. Na faɗa mata yadda aka yi, har da saƙonta, har da amsar da nake ta gogewa. Ban rage komai ba, don na san in na tsaya zaɓe zan zaɓi abin da ya fi min kyau.

"Kai da ka ɗaga min yatsa."

"Ni."

"Ka kalla?"

"Na kalla."

"To ka san abin da ke cikin taran."

"Na san abin da ya fara shigowa."

Ta juya takardar a hankali da bakin farce. Fanka tana ta kaɗawa, wani ya leƙo da kwamfuta a hammata, ya ga fuskokinmu, ya koma.

"A mayar ba ya yiwuwa?"

"Ba ya yiwuwa. Da akwai wanda zai iya, da na kai masa ko a ina yake."

"Tambaya ɗaya zan yi maka, Injiniya. Da gangan ka yi?"

Na buɗe baki in ce a'a, sai na ga ta cancanci fiye da amsar da ta fi saurin fitowa.

"Ban yi niyya ba. Ban san fuskarsa a ƙarshe take ba sai jiya. Amma kwana uku ina tambayar hannun nan me ya kai shi, bai ba ni amsar da ta gamsar da ni ba. Abin da na tabbatar shi ne ba 'yarki ba ce. Ki faɗa mata haka. Ita ba ta ɓata komai ba."

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da na san abin yi, ko da miƙa tsumma ne. Ta mayar da takardar cikin ambulan, ta sa a aljihun ciki na jaka, ta ja zif. Ta ɗauki filash da faifan. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba.

"A cikin taran nan ya ɗauke ta, ya yi mata waƙar da ya ƙirƙira, ta kama masa hanci. Muryarsa ba daɗi. Na dinga ce masa ya yi shiru."

Ta fita. Biskit ɗin ta bar shi. Na rasa ko mantuwa ce ko hukunci.

Da yamma Yaya ta kira sau huɗu, a na biyar na ɗauka.

"Ka faɗa mata."

"Na faɗa."

"Na sani, ai na kira ta ba ta ɗauka ba. Allah Ya shirye ka, Auta. In ce wa Kawu me?"

"Ki ce ya dakata."

"Rigar fa?"

"Wuyan ya matse."

"Madalla. Ya shaƙe ka."

Yau Juma'a da safe ina share idon wata na'ura da wani ya kawo, wai tana karanta fim ba ta karanta gem, wayata ta yi ƙara. Na ajiye audugar, na sa hannun hagu a aljihu, sannan na buɗe. Saƙo uku ne a jere. Zan kwafe muku su yadda suke.

Na farko: "Mun kalla jiya ni da ita. Ta ji muryarsa. Da ya tsaya sai ta ce me ya biyo baya. Na ba ta labari. Shekara ashirin da biyu ban taɓa yi mata maganarsa ta wuce jimla biyu ba. Har waƙar na yi mata. Muryata ma ba daɗi."

Na biyu: "Ta tsayar da hoton a kan kunnen, ta ɗauko madubi, ta cire ɗankwali. Irin nata ne sak, har lanƙwasar. Ni da na haife ta ban taɓa lura ba."

Na uku ya ɗan jima kafin ya shigo. Ina ganin alamar tana rubutu, ta tsaya, ta sake.

"Ban ce na yafe ba, ban gama lissafi ba. Kawu kada ya zo gobe. Kai ka zo, ƙarfe huɗu, kai kaɗai. Ba ni ke nemanka ba. Na faɗa mata kana da damar ɗora mata laifin ka ƙi, ta ce tana son ta ga mutumin da idonta, kuma tana da tambayoyi. Ta fi ni tsanani. Ka yanke farce."

Na rubuta amsa kala shida na goge. A ƙarshe na tura, "To."

Na kai rigar wajen tela ya saki wuyan. Farce kuma na yanke su duka goma, har na ƙafa, ko da yake ba su aka tuhuma ba.